Wuƙar Nomau Ba Ta Shiga Rijiya Ba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ga abin da ya faru a bakin rijiyar Gawo tun kafin in buɗe baki in faɗi akasinsa. 'Ya'yana, wannan shi ne babin da na yi ta tsallakewa. Akwai wata magana da ake yi a garinmu: idan gatari ya dakushe, ko mutum ya yi alkawari ya kasa cikawa, sai a ce "wuƙar Nomau". Duk kuna faɗinta. Kwanan baya na ji jikata tana faɗa wa allurar da ta ƙi huda tufa, alhali ba ta san ko waye Nomau ba. To ku sani daga bakina wannan magana ta fito, kuma ƙarya ce. Nomau maƙerin garinmu ne, nan arewa da Issawane, kuma har yau ban riƙe wuƙar da ta kai tasa ba. Ina rubuta wannan domin ku, da kuma domin Lawali, ɗan wana Haruna, wanda na rena a matsayin ɗana na fari, ko wata rana zai so ya karanta.

Ku da kuka tashi da famfo ba ku san aikin rijiyar Gawo ba. Zurfinta ya wuce gaba talatin, ba a janta da hannu. Takarkari ke ja. Ana ɗaura masa igiyar kaba mai kauri, mutum ɗaya ya kora shi ya yi ta tafiya har wasaki, wato babban gugan fata, ya taso cike da ruwa. Igiyar tana gudu a kan wani gungumen ice da aka gitta a bakin rijiyar, wanda igiyoyin kakanninmu suka sassaƙe har ya yi santsi. Mutum biyu ke tsayawa a nan su tarbi wasakin su juye a komin shayar da dabbobi. Ƙasan wurin kullum taɓo ne. Baba yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa: wanda zai tsaya bakin rijiya, sai da wuƙa ɗaure a damtsensa na hagu. Yakan ce igiya idan ta yi gardama ba ta jiran a je gida a dawo.

Shekarar da aka ce na isa tsayawa bakin rijiya tare da Haruna, Baba ya aike ni maƙera in zaɓi tawa. Kakanninmu daga arewa suka zo, tsakaninmu da maƙera kuwa akwai wasa, don haka ina sa kai Nomau ya ɗaga murya.

"Ku ɓoye guduma, Buzu ya shigo!"

Na ce, "Baba Nomau, mu da ke shan nono mi za mu yi da baƙin ƙarhe?"

Ya ce, "Ku sha nonon. Ranar da akuyar ta tsuhwa, da haƙori za ku yanka ta?"

Ya shimfiɗa wuƙaƙe uku a kan buzun akuya. Na kai hannu kan doguwar, mai ƙota da adon jan ƙarfe. Ya buge mini hannu da awartaki, ya ce wannan ta ranar salla ce, ta nuna wa 'yan mata. Ya ɗauki 'yar ƙaramar, wadda bakinta bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ya juya ta ya nuna mini yadda ƙarfenta ya ratsa ƙota har gindi, ya fito aka dunƙule shi. Ƙotar icen aduwa ce, ya yi mata tsaga-tsaga don kada ta suɓuce a jiƙaƙƙen hannu. Kusa da ƙotar akwai shaidarsa, kamar sawun kaza. Ya ce ba ta da gaɓa, abin da ke da gaɓa kuwa a gaɓar yake mutuwa. Sannan ya ɗaura mini kuben a damtse, ƙota tana kallon ƙasa. Ya tsoma hannuna na dama a ruwan kaskon da yake kashe ƙarfe, ya shafe shi da toka, ya ɗora mini babbar gudumarsa a hannun hagu. Ya ce in rufe ido in zaro in yanke wata tsohuwar igiya da ya rataya, kada in ajiye gudumar. Sau bakwai ya sa na yi, har kafaɗata ta ɗau rawa. Na ce masa ai na iya.

Ya ce, "Isuhu, ranar da za ka nemi wagga, hannu ɗaya gare ka. Ɗayan na riƙe da abin da ba a saki."

Na yi dariya. Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce.

Na yi lakwal, wato makarantar boko, shekara huɗu, kuma wannan ɗan karatun ya hau mini kai. Ranar wata kasuwar Gidan Amumune na haɗu da waɗanda muka yi aji tare, suna sanye da wando da taguwa. Ɗayansu ya taɓa damtsena ya ce har yanzu ina yawo da wuƙa a hannu kamar mai kiwon raƙuma? Suka yi dariya. A rumfar wani mai koli na ga wata wuƙa ja mai naɗewa, tana walƙiya, har da ɗan almakashi da abin buɗe kwalba a jikinta. Na saya. Da na dawo gida na kwance ta Nomau na cusa ta cikin jinkar ɗakina, na koma sa riga mai dogon hannu don kada Baba ya lura. Idon Baba ya fara rauni a lokacin, bai lura ba. Haruna ne ya lura. Ya same ni gindin rumbu ina buɗe ta ina rufewa, ya karɓa ya jujjuya.

Ya ce, "Kai, ƙanena ya zama ɗan birni. Wagga ta yankan mangwaro ce ko ta yankan akaihwa?"

Na ce, "Yaya, kada ka hwaɗi ma Baba."

Ya ce, "Ba ni hwaɗi. Ka yi ta kwalisarka da ita cikin gari. Amma ranar rijiya ka ɗaura ta Nomau. Ka ji ni?"

Na ce na ji. Sau biyu ko uku na ɗaura. Daga nan zafi ya shigo, fatar kuben tana ci mini damtse, na daina. Haruna bai sake dubawa ba, domin ya yarda da ni.

Cikin bazara ne, rana tsaka. Sauran masu dabbobi sun shayar sun tafi inuwa, mu ne na ƙarshe. Baba na can da takarkari, nisan tsawon igiya, ya ba mu baya. Wasaki ya taso har muna jin ɗigar ruwansa kusa, sai igiyar ta tsinke can kusa da takarkarin. Ta juyo da gudu tana bulala a ƙasa. Wasakin nan shi kaɗai gare mu, sabuwar fata, kuma Haruna mutum ne da ba ya iya kallon abu yana ɓacewa. Ya cafke igiyar, ta naɗe masa hannun dama, nauyin ya fizge shi a kan taɓo har ƙirjinsa ya bugi gungumen, rabin jikinsa ya leƙa ciki. Da hannun hagu ya rungumi icen, don haka ba shi da hannun da zai kai ga tasa wuƙar. Na faɗa kansa na damƙi ɗamararsa da hannun hagu, na tokare ƙafa a gungumen. Muka tsaya. Wallahi mun tsaya, nauyin bai fi ƙarfinmu mu biyu ba, sai dai ba ma iya ja baya.

"Yanke! Isuhu, yanke!"

Hannuna na dama ya tafi damtsena da kansa, yadda Nomau ya koya masa. Ya tarar da riga. Na lalubo jar wuƙar a aljihu. Na sa babban yatsa, ta ƙi. Rairayi ya shiga gaɓarta, hannuna kuma duk taɓo. Na sa haƙori, haƙorin ya zame. Igiyar tana nan gabana, ba ta fi kamu ɗaya daga fuskata ba, ta miƙe tana ƙara, irin miƙewar da ko taɓa ta aka yi da kaifi sai ta rabu. Haruna ya sake kiran sunana, a hankali wannan karon. Sai na ce a raina ƙiftawar ido ce kawai. Na saki ɗamararsa don in buɗe wuƙar da hannu biyu.

Ta buɗe rabi. Na kai hannu in sake kama shi, na kama iska, wuƙar ma ta bi shi.

Ba zan rubuta yadda aka fito da shi ba. Abin da zan rubuta shi ne abin da ya biyo bayan an dawo daga maƙabarta, muna zaune a ƙofar gida, maza cike da tabarmi. Baba bai yi kuka ba. Ya juyo da fuskarsa wajena ya yi tambayar da kowa ke jira.

"Ina wuƙarka?"

Da na yi shiru ma da ya fi. Amma na ji bakina yana cewa, "Na sa ta, Baba. Ba ta ci ba. Lanƙwashewa ta yi kamar gwangwani, ta suɓuce cikin rijiya."

Nomau na zaune a tabarma ta biyu. Duk kawuna suka juya gare shi. Ya dube ni kawai, kallon mai auna ƙarfe.

Rijiyar da mutum ya mutu a ciki sai an kwashe ruwanta an yashe ta kafin a sake sha. Ranar yasa, Nomau ya zo ya ce shi zai sauka. Ba aikin maƙeri ba ne, kuma ya haura hamsin, amma ya ce wuƙarsa ce aka ce tana ciki, yana so ya ga inda ta gaza. Aka ɗaura masa igiya a ƙugu aka zura shi. Ya daɗe. Ni ina cikin masu riƙe igiyar, kuma Allah ya sani abin da zuciyata ta raya mini a lokacin, ba zan ɓoye ba: na so a ce bai fito da komai ba, ko ta wace hanya. Da aka jawo shi, jikinsa baƙi ƙirin da laka, mutane suka matso suna tambaya. Ya ce bai ga komai ba. Nan take wani ya ce ai dole, wa zai fito da abin kunyarsa? Aka ce ya gan ta ya tura ta cikin laka. Baba ya tashi da sandarsa ya tsaya gabansa, ya ce, "Shekara talatin ina kawo maka ƙarhe. Ka ba ɗana gwangwani." Daga ranar bai sake amsa sallamarsa ba.

Bayan kwana uku Nomau ya tare ni a hanyar gona ya ce in biyo shi maƙera. Babu kowa, wutar ma a mace take. Ya sa hannu cikin buhun gawayi ya ciro jar wuƙar, a buɗe rabi yadda na bar ta, laka ta bushe a gaɓarta. Ya kama hannuna ya ɗora mini.

Na ce, "Baba Nomau..."

Ya ce, "Kada ka ce komi, ba ni ne mai jin ta ba. Tsohonka ɗa guda ya rage mai. In na hito da wagga gaban mutane, ya rasa biyu cikin wata guda. Ba da hannuna ba. Kai za ka hwaɗi, ranar da ka ga zai iya ɗauka. Ni ina iya jira, ƙarhe ya koya mini."

Ko wasan Buzu bai yi mini ba ranar. Na jefa jar wuƙar a masai. Tasa kuwa na ciro ta daga jinka na naɗe a tsumma na sa a ƙasan adakata.

Ya jira. Da damina ta matso, mutane suka riƙa kai garmunansu wani gari a gyara, tafiyar rabin yini, suna wuce ƙofarsa. Mata suka daina kawo ko wuƙar kuɓewa. Yara suna bin 'ya'yansa da waƙa. Kullum na wuce maƙera yakan ɗago kai ya dube ni, ni kuma in gaishe shi in ƙara sauri. Na riƙa ce wa kaina bari a yi arba'in, bari matar Haruna ta haihu, bari a yi girbi. Ta haifi Lawali, ta yaye shi, ta yi wani aure ta bar mana shi. Damina biyu Nomau ya yi a haka, sannan ya ɗora uwar maƙerarsa a kan amalanke ya koma wajen dangin matarsa ta ɓangaren Kanan-Bakaché. Mutum uku suka raka shi bakin gari. Ba na cikinsu.

Kuna iya cewa don Baba na yi shiru. Ni ma haka na faɗa wa kaina shekara goma sha ɗaya. Sai Baba ya rasu, yana sa mini albarka, yana cewa ni ne ɗan da bai taɓa saɓa masa ba. Shekara guda bayan haka na kai tumaki kasuwar Kanan-Bakaché, na ga wani tsoho a ƙarshen layin maƙera, ba shi da wuta, wasa wuƙaƙen mahauta kawai yake yi a kan dutse. Na so in kauce, amma ya riga ya gan ni.

Ya ce, "Buzuna. Tsoho na nan?"

Na ce, "Ya rasu bara."

Ya yi masa addu'a, doguwa, har da shafawa. Sannan ya ce, "To. Yanzu mi ya rage?"

Na ce masa ina nan tafe, akwai abin da zan yi. Na saya masa goro. Ya karɓa ya ajiye gefe bai ci ba. Abin da ya rage shi ne ni. A lokacin ina da mata da 'ya'ya, ana kirana in sasanta rigima, ana ba ni sahun gaba. Ga Lawali kuma, yana kirana Baba, yana bina gona, fuskar Haruna sak. Na kasa. Bayan shekara biyu labari ya zo Nomau ya rasu, kuma wanda ya kawo labarin har ya haɗa da 'yar dariya, ya ce mai wuƙar nan. Ban je gaisuwa ba. Abin da na iya kawai, duk shekara idan bazara ta shigo, in rufe ɗaki in ciro wuƙar in shafa mata mai in mayar.

Watanni huɗu da suka wuce Lawali ya yanke shawarar tafiya arewa wurin haƙar zinariya, domin gona ta ƙi shekara uku a jere, ga iyali. Da hantsi, ranar da zai tafi, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida yana haɗa guzuri: bido, wato jarka, biyu na ruwa, tocila, ashana a cikin leda, allura da zare, ƙullin magani, garin rogo, dabino. Ina zaune ina kallo. Ya ce ramukan can sun fi rijiyar Gawo zurfi, da igiya ake sauka. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro wata wuƙa mai naɗewa, baƙa, ya miƙo mini.

"Baba, duba mini wagga. Mai shagon ya ce har zarto gare ta. Ta yi, ko in nemi babba?"

Na karɓa. Na ce ya buɗe ta da hannu ɗaya. Ya gwada, ya yi dariya, ya ce sai da biyu. Na tashi na shiga ɗaki na buɗe adaka. Da na warware tsumman a gabansa, ya duba shaidar da ke kusa da ƙota, ya ce wannan sawun kazar na wane ne? Na ce na Nomau. Ya sake yin dariya.

"Haba Baba, wuƙar Nomau za ka ba ni in tahi da ita rami? Wadda ta kashe ubana?"

Na ce, "Zauna, Lawali."

Na faɗa masa duka, kamar yadda na rubuta a nan, har sakin ɗamarar. Ban ɗaga kai ba sai da na gama. Matarsa na tsaye bakin madafa da ludayi a hannu, ba ta motsa ba. Shi kuma bai yi ihu ba, bai zage ni ba, da ya yi da na ji sauƙi. Ya ɗauki wuƙar ya tashi ya nufi turken akuya, inda wata igiyar kaba mai kauri take rataye. Ya kama ta da hagu ya ja ta miƙe, ya ɗora bakin wuƙar sau ɗaya. Ta rabu biyu. Ya tsaya yana kallon guntun da ke hannunsa.

Ya ce, "Ashe tana ci."

Ya naɗe kayansa, ya yi sallama da matarsa da yara, ɗan kabu-kabu ya zo ya ɗauke shi zuwa Gidan Amumune inda zai hau mota. Da zai fita ya bi ta gabana. Na ɗaga hannu in sa masa albarka kamar yadda na saba, ya ɗan tsaya har na gama, sannan ya wuce. Bai ce Baba ba.

Juma'ar da ta biyo na miƙe a masallaci bayan sallama na faɗa wa gari. Yawancin waɗanda suka zauna a tabarmin ranar sun mutu, matasa kuwa suna dubana kamar mai ba da labarin wata ƙasa. Na je Kanan-Bakaché na nemi 'ya'yan Nomau. Babban ya saurare ni a tsaye, ya ce tsohonsu bai taɓa gaya musu ba, sun tashi suna jin kunyar sunansa, shi ya sa babu ɗayansu da ya gaji maƙera. Ya ce yafewa ba tasa ba ce, mai ita yana ƙasa. Gaskiya ya faɗa.

Lawali yana kiran matarsa a waya duk mako. Yana gaida kowa da suna, har akuyoyi yakan tambaya. Ni yakan ce a gaida mutanen gida. Ban san ko zai dawo ya sake kirana yadda ya saba ba, kuma ba ni da bakin roƙo. Shekaranjiya matarsa ta kawo mini wayar ta nuna mini hoton da ya aiko. Yana tsaye bakin rami, ya rame, ƙura ta rufe masa gira, igiya a ƙugunsa. Idona ba ya gani sosai yanzu, sai da ta buɗa mini hoton da yatsu biyu. A damtsensa na hagu akwai kube, ƙota tana kallon ƙasa.

Ku kuma abu ɗaya nake roƙonku. Idan wani abu ya gaza a hannunku ranar da kuka fi bukatarsa, kada ku sake kiran sunan Nomau. In dole sai kun kira suna, kun san nawa.